Askar Ja'afaru da Bakin Inuwa

A shekarun da kanwa da gishirin mangul ke isowa Haɗeja a bayan takarkarai, tun ba wanda ya yi mafarkin gada a kan kogin, an yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Guri, sunansa Inuwa, wanda abincin gidansa kaf daga tafin ƙafarsa yake fitowa. Sana'arsa jagorancin mashigi. Idan ruwa ya soma ja da baya bayan damina, fadama takan zama ita ba kogi ba, ita ba tudu ba. Kwalekwale ba ya ɗaukar takarkari da kayansa, takarkari kuma bai san inda zai taka ba. Sai fatake su tsaya a gaɓa su aika a kira Inuwa. Shi zai tuɓe riga ya shiga gaba, ruwa iya ƙirji, yana lalube da ƙafa. Nan yashi ne, zai ɗauki dabba da kayanta. Nan yumɓu ne mai santsi, amma ƙarƙashinsa da ƙarfi. Can kuwa taɓo ne, wanda in ya kama dabba sai dai a yanka ta inda take. Ruwan fadama ja ne, ido ba ya ratsa shi, mashigin bara kuma ba shi ne na bana ba, don haka ba sana'a ce da ake koya wa mutum da baki ba. Mahaifinsa ya yi ta, shi ma ya shekara goma sha tara yana yi, ko jaki bai taɓa rasawa ba.

Matarsa Mairam ce ta fara ganin abin. Ita 'yar wani dattijo ce daga cikin Mangawan Birniwa, mai suna Fannami. Wata rana tana shafa masa man shanu a baya saboda ƙaiƙayin ruwa, sai yatsanta ya ci karo da wani ɗan tudu kamar ƙwallon magarya, dab da ƙashin baya, daidai inda mazagin wando ke zama. Ta tambaye shi ko yana ciwo. Ya ce ba ya yi. Sai suka yanke hukunci, kamar yadda masu hankali kan yi, cewa abin da ba ya ciwo ba cuta ba ne.

Damina biyu ta wuce a kan wannan hukunci. Ƙwallon magarya ya zama goruba, har yanzu ba ciwo. Ƙafa ce ta fara magana. Yatsun hagu suka soma wani motsi kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Daga baya tururuwar ta tafi ba ta bar komai ba, kuma wannan rashin komai ɗin ya fi tururuwar tsoratar da shi. Ya riƙa jin kamar an sa masa huffi, safar fata mai kauri, an hana shi cirewa. Kafin kaka ta biyu ta ƙare, ta dama ita ma ta soma tururuwarta.

Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa shiga ruwa da abin da ya tuna na jiya, da kallon yadda ciyawa ta kwanta, da addu'a. Ya taɓa tunanin riƙe gora ya riƙa sokawa a gabansa, amma gora zurfi take gaya wa mutum, ba ta gaya masa halin ƙasa. Ban da haka, jagoran mashigi mai sanda daidai yake da limami mai tambayar alƙibla.

Ranar da asiri ya tonu, takarkarai bakwai ne a bayansa. Na fari ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya lume har wuya a wurin da ƙafar Inuwa ta riga ta taka ba ta ce masa komai ba. Kanwa ta narke ta bi ruwa. Fatake suka yi ja har igiya ta tsinke, a ƙarshe mai dabbar ya shiga da wuƙa ya yi bismilla. Ba wanda ya zagi Inuwa. Madugu ya ce ƙaddara ce, amma ya faɗe ta yana kallon wani wuri dabam.

A gaɓa ya tarar da Shu'ibu masunci yana shanya koma. Shu'ibu ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama. Rana ɗaya aka yi musu kaciya. Shu'ibu ya yi ihu har tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya, Inuwa kuwa ko uffan bai ce ba, kuma shekara talatin ke nan bai bari an manta da wannan bambanci ba.

"Bawana," in ji Shu'ibu, "yaushe ka fara satar kifi da dunduniya?"

"Ka bar ni, yau ba ranar wasa ba ce."

"To dubi abin da ka jawo mini har gaban komata."

Inuwa ya waiwaya. Jini ne a kan yashi, taki bayan taki, tun daga bakin ruwa. Ƙayar kifin kurungu ce, tsawon ɗan yatsa, ta shige rabi a dunduniyarsa ta hagu. Shu'ibu ya zaunar da shi, ya kama ƙayar, ya fizge ta da ƙarfi yana kallon fuskarsa. Kowa a fadama ya san yadda ƙayar kurungu ke fita, da haƙoranta, tana tafiya da nama. Fuskar Inuwa ba ta motsa ba.

"Wannan dauriya ce," in ji Shu'ibu a hankali, "ko ba ka ji ba ne?"

Inuwa ya zuba wa ramin da ƙayar ta bari ido. Shu'ibu ya daɗe yana juya ƙayar a hannu.

Daga nan aka shiga neman magani. Aka yi ƙaho, jini ya fita, ƙari bai san an yi ba. Aka sha rubutu. Wata tsohuwa ta ce aljanin ruwa ya taka wa ɗa, aka turara shi har ya riƙa tari kamar tunkiya. Kowane mai magani ya ce a ba shi kwana bakwai, kuma kowanne ya sami kwanansa bakwai cif. Inuwa dai ya fara jan ƙafar hagu, takalminsa na zamewa bai sani ba sai yara sun biyo shi da shi.

"Maigida," in ji Mairam wata safiya, ta ajiye masa kunu ta ƙi tashi, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An ce akwai wanzami a Haɗeja, Ja'afaru, wanda yake fid da ƙari."

"An ce yana fid da rai ma."

"Wani lokaci. Amma wannan da ke bayanka ba wani lokaci zai yi ba. Ina ganinka jiya, ka tsaya a kan garwashi kana tambayata me ke ƙauri."

Ya yarda. Abin da Mairam ba ta gaya masa ba shi ne, a ranar ta ba wani falke saƙo zuwa Birniwa, ta sanar da mahaifinta halin da ake ciki da kuma inda za su. Ta yi ne don a taya su addu'a.

Shu'ibu ne ya tuƙa shi a kwalekwale, kwana biyu suna gaba da ruwa. Duk hanya bakinsa bai huta ba. Ya ce in Inuwa ya mutu shi zai gaji takalman, tunda dama ba sa zama a ƙafar mai su. Ya ce yana roƙon Allah ya nuna masa ranar da zai ji muryar jarumin kaciya, ko sau ɗaya ne. Inuwa ya riƙa mayar masa da abin da ya samu, amma idonsa na kan ƙafafunsa da ke miƙe a cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi. Yana ganin sun jiƙe. Gani kawai yake yi.

Ja'afaru wanzami ɗan gajeren mutum ne mai furfura, mai ƙananan hannuwa kamar na mace, ba ya son dogon gaisuwa. Ya kwantar da Inuwa rub da ciki a zaurensa, ya daddanna ƙarin ta kowane gefe, ya tura shi hagu ya tura shi dama. Sannan ya ɗauko ƙayar aduwa ya fara soka masa tun daga yatsu yana hawa sama, yana tambaya. A hagu sai da ya wuce gwiwa Inuwa ya ce ya ji. A dama ya ji tun daga idon sawu.

"Motsa yatsun."

Suka motsa, na hagu da ƙyar.

"To, tashi ka zauna ka ji," in ji Ja'afaru. "Wannan abu ya zauna a kan jijiyoyin da suka sauka ƙafafunka, kamar yadda gungume ke danne igiya. In aka bar shi, kafin damina mai zuwa a zaune za ka yi salla, daga baya kuma sai an wanke ka kamar jariri. In na shiga da aska, kana iya tashi, kana iya mutuwa. Na yi wa mutum biyar irin wannan. Uku sun tafi gida da ƙafarsu."

"Sauran biyun fa, Wanzam?" in ji Shu'ibu.

"Sun tafi gida su ma."

Shu'ibu ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga ba wurinta ba ne, ya rufe.

"Abu ɗaya nake so daga gare ka," Ja'afaru ya ci gaba, "kuma shi ne duk aikin. Ba ni da ido a cikin bayanka. Da zarar jini ya zo, ƙari da jijiya kamarsu ɗaya a wurina. Amma ƙari mataccen nama ne, ba ya jin aska. Jijiya kuwa in na taɓa ta, za ka ji kamar walƙiya ta sauka daga ƙugu har babban yatsa. Da ka ji haka, ka yi magana. Ka yi ihu, ka zagi uwata in kana so, ta riga ta rasu ba za ta ji ba. Rawar jiki ba ta gaya mini komai, kowa na yi. Murya nake so. In ka yi shiru, ni a wurina ƙari nake yanka, zan ci gaba."

"Wanzam, ai ka samu matsala," in ji Shu'ibu. "Wannan ko ranar kaciya bai yi kuka ba."

"Ranar kaciya ina ganin abin da nake yanka. Gobe da hantsi, in rana ta shigo tsakar gida. Kada ya ci komai."

Sauran yinin Inuwa ya yi shi a inuwar katanga, a bayan gidan wanzamin. Daga ciki yana jin sautin aska a kan dutsen washi, tana zuwa tana dawowa, ta tsaya, ta sake farawa. Duk sanda ta tsaya sai ya tarar ya riƙe numfashi. Ya yi ƙoƙarin tuna 'ya'yansa, sai tunanin ya karkata ga mutum biyun da suka tafi gida, ko a kan jaki aka ɗora su, ko a cikin tabarma. Ya tambayi kansa wanne ya fi tsoro, mutuwa ko zama, ya ga ashe zaman ne: Mairam na juya shi, tana share masa jiki, yara na leƙowa. Game da ihu kuwa bai damu ba. Daga shi sai Shu'ibu sai wanzami a garin da ba wanda ya san shi. Ya riga ya shirya biyan Shu'ibu da dariyar shekara talatin, in dai ƙafa za ta dawo.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ta fi haske. Aka tuɓe shi sai bante, aka sa masa dami na tsumma a ƙarƙashin ciki don bayan ya tashi, aka ɗaure ƙafafunsa biyu a jikin wani gungumen giginya da igiyar rama. Ja'afaru ya buɗe zabira ya jera asake uku a kan fata. A gefe man shanu na narkewa a kasko, ga garin bagaruwa a ƙoƙo. Shu'ibu ya durƙusa zai danne kafaɗu.

A daidai nan aka yi sallama a zaure.

Inuwa ya san muryar tun kafin a gama sallamar. Dattijo Fannami ne, surukinsa, da ƙurar hanyar Birniwa har a gemu. Kwana biyu ya yi a kan jaki, mutumin da ya haura saba'in, don kada a sa wa mijin 'yarsa aska ba wani babba a kansa. A ƙasar nan ba a yi wa mutum karamcin da ya wuce wannan, kuma ba a mayar da shi.

Ga wanda bai sani ba, shekara goma sha biyu Inuwa ya yi yana auren Mairam, bai taɓa cin abinci a gaban wannan tsoho ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dariya da ƙarfi inda zai ji ba. In sun haɗu a hanya, Inuwa kan tuɓe takalmi ya durƙusa gefe, idonsa a ƙasa, har ya wuce. Yau ga shi kwance a gabansa kamar ragon layya, daga shi sai bante.

Shu'ibu ya miƙe ya durƙusa ya yi gaisuwa, bakin nan nasa ya mutu murus. Ja'afaru kuwa hankalinsa na kan rana da aska. Ya ga dattijo mai natsuwa, bai tambayi ko wane ne ba, ya ma yi murna da samun ƙarin hannu.

"Baba, sannu da hanya. Zauna ta wajen kansa ka riƙe mini hannuwansa."

Tsohon ya zauna, ya tattare babbar rigarsa, ya kama wuyan hannuwan Inuwa da tafukansa masu kaushi. "Sannu, yaro," ya ce. "Allah na nan." Ya soma karatu ƙasa-ƙasa.

Yankan fari zafi ne irin wanda Inuwa ya sani, zafin fata, mai kaifi, mai iyaka. Ya cije, ya ji jini mai ɗumi na gangarowa ta haƙarƙarinsa zuwa tabarma. Bayan haka sai zafin ya ja baya, ya zama ja da turawa, kamar ana fid da rogo daga busasshiyar ƙasa a cikin jikinsa. Yana jin ƙarar askar ta cikin ƙashinsa fiye da ta kunne. Ƙudaje suka fara taruwa. A maƙwabta wata mata na daka, taɓaryarta na sauka daidai kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

"Zan bi ta gefen hagu yanzu," in ji Ja'afaru. "Ka tuna abin da na ce."

Walƙiyar ta zo kamar yadda aka faɗa, sai dai faɗar ba ta kai ta ba. Daga ƙugu ta tsaga cinya, ta bi bayan gwiwa, ta fashe a babban yatsan da ya shekara bai san yana nan ba. Duk jikinsa ya ɗauki rawa. Ihun ya taso daga ciki har ya iso maƙogwaro. Ya buɗe ido. Taki ɗaya daga fuskarsa ga gefen rigar tsohon, ga yatsun ƙafarsa masu faso, ga muryarsa na karatu a kan kansa.

"Ka ji wani abu a ƙafa?" in ji Ja'afaru.

Ba wai Inuwa ya manta ba ne. Kowace kalma ta jiya tana kunnensa. Ya san magana ɗaya ake nema, ya kuma san in ya buɗe baki ba magana ce za ta fito ba, kururuwa ce irin ta mace mai naƙuda, a cikin tafin hannun mahaifin matarsa. Ya ce a ransa bari wannan ta wuce, in ta sake zuwa zan faɗa, zan faɗa a hankali kamar mutum. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ba su faɗi abin da mutum zai yi ba in an haɗa masa su biyun a tabarma ɗaya.

Ja'afaru ya jira numfashi uku. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Mataccen nama ne."

Walƙiya ta biyun ba ta ba shi lokacin shirya murya ba. Ta sauko ta fi ta fari, fara fat, har ya daina ganin rigar tsohon. Sai kuma ta yanke, tsaf, kamar igiyar guga ta tsinke a rijiya. Zafin ya ɗauke gaba ɗaya. Ya jira ya ji huffin nan mai kauri da ya saba da shi, bai ji ba. Ya aika wa yatsun hagu saƙo su motsa. Saƙon ya tafi, bai tarar da kowa ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ta wannan gefen, ba nauyi, ba sanyi, ba igiyar da aka ɗaure shi da ita. Da ba don ya san an ɗaure ƙafa biyu a gungume ba, da ya rantse da ɗaya aka haife shi.

"Namijin duniya," in ji Shu'ibu a kunnensa. "Wallahi na sallama maka."

Wani irin tsoro ya shigi Inuwa wanda bai taɓa sanin akwai shi ba, mai sanyi, mai natsuwa. Ya ji wanzamin ya gyara zama, ya ji ya ajiye aska ya ɗauki wata.

"Saura gefen dama."

Ƙafa ɗaya ta rage masa a duniya, kuma askar na tafiya wajenta a hankali, cikin ƙwarewa, da cikakkiyar amincewa cewa mai ƙafar zai yi magana. Ya ji ja, ya ji turawa. Ya ji wani ɗan tsinke na wuta ya leƙa cinyarsa ta dama.

Inuwa ya yi ihu. Bai jira walƙiyar ta gama sauka ba. Ihun ya fito da duk abin da ya tara tun ranar kaciya, ya haura katanga, taɓaryar maƙwabta ta tsaya. Ya kira Allah, ya kira uwarsa da ta shekara goma a ƙasa, ya ce a tsaya, a tsaya, don girman Allah a tsaya, majina da hawaye na zuba a kan hannun surukinsa. Tsohon bai saki ba, bai kuma daina karatu ba, sai dai ya ɗan ƙara murya.

"Madalla," in ji Ja'afaru, ya ɗage hannu. "Nan ne iyakata. Abin da ya manne a nan zan bar maka shi."

Ya fid da abin da ya yanko ya jefa a ƙoƙo, ya zuba man shanu mai zafi a ramin, Inuwa ya sake wani ihun, wannan karon ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Aka cika da garin bagaruwa aka ɗaure. Kafin a kwance igiyar ƙafafun, dattijo Fannami ya miƙe, ya goge hannuwansa a cikin rigarsa inda ba za a gani ba, ya yi wa wanzami godiya, ya fita. Bai dubi fuskar Inuwa ba, wannan kuwa shi ne alherinsa na biyu a ranar.

Zazzaɓi ya riƙe Inuwa kwana huɗu. A na biyar, da ya iya shan kunu, Ja'afaru ya zo da ƙayar aduwa. Ya fara da dama. Yana taɓa babban yatsa ƙafar ta zabura.

"Kai!" in ji Inuwa.

"Ka ji ta ke nan. Wannan ta dawo."

Ya koma hagu. Ya soka yatsa, ya soka tafi, idon sawu, ƙwauri, gwiwa, cinya. Ya ce a motsa yatsun. Su uku suka zuba musu ido, yatsun na nan kamar na gawa. Ja'afaru ya ajiye ƙayar.

"Ranar da ka zo suna motsi," ya ce. "Na bi gefen nan na tambaye ka. Ka ji, ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Wanzamin ya dube shi, ya dubi Shu'ibu. "Tsohon nan da ya riƙe shi, mahaifinsa ne?"

"Surukinsa ne, Wanzam," in ji Shu'ibu, kansa a ƙasa.

Ja'afaru ya sunkuya. Ya ɗauki ƙayar, ya karya ta biyu, ya jefar.

"Kai kuma kana nan, da bakinka kamar ganga, ba ka gaya mini ba."

"A gabansa zan ce a fid da shi?"

"A'a," in ji Ja'afaru. "Ba za ka ce ba. Ni ma da na sani ban san yadda zan ce ba. Da dai na aike shi neman wani ganye a bayan gari." Ya shafa fuska. "Shekara talatin ina tambayar mutum abin da ya ci da inda ke masa ciwo. Ban taɓa tambayar wa ke riƙe da shi ba."

"Za ta dawo?" in ji Inuwa.

"Abin da aka danne yana dawowa. Abin da aka yanke, ban taɓa gani ba."

"Wanda ka bari a ciki fa?"

"Kamar ƙwayar gero ne yanzu. Yana iya zama haka har ka tsufa. Yana iya girma. In ka ji tururuwa a ƙafar dama, kada ka jira damina biyu. Ka zo, kuma kada ka gaya wa matarka ranar."

Bayan kwana arba'in Shu'ibu ya ɗauke shi a baya ya sa shi a kwalekwale, da sandar da aka sassaƙa masa a gefensa. Ruwa na tafiya da su, ba a buƙatar tuƙi sosai. Shu'ibu ya sami abin da ya shekara talatin yana roƙo, ya ji muryar da kunnensa, amma har suka wuce gulbi biyu bai taɓo zancen ba, sai labarin tsadar gishiri a kasuwar Haɗeja yake ta yi. Inuwa na jinsa sama-sama. Can ya zura hannu ta bayan riga, ya lalubi tabon, ya danna gefen dama da babban yatsa a hankali. Bai ji komai ba sai tauri irin na tabo. Ya fid da hannun. Ba su yi nisa ba ya sake mayar da shi.